Banko da Guru: Rafuka Biyu da Suka Sa Kasuwar Ajame a Tsakiya

  Ga abin da muka kawo a filin tarihi na wannan makon, mun sa shi a takarda saboda wanda bai samu saurara ba.

Tafiyar tamu ta yau mai nisa ce. Abijan za mu, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kodibuwa. Da wuya a samu gari tsakanin Maraɗi da Katsina, ko tsakanin Ƙonni da Illela, wanda ba shi da ɗa a can. Wani yana sayar da wayoyi a Black Market ta Ajame, wani yana da teburin garba a Treichville, wani kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya kai raguna gab da Babbar Sallah ya juyo. In ka tambaye su hanyar tasha ko farashin kaya, nan take za su ba ka amsa. Amma ka tambaye su ina ruwan saman da ya sauka a kan rumfarsu yake zuwa, sai ka ji an yi shiru. To, wannan ruwan shi ne maganarmu.

Yadda ƙasar take

Ajame a kan tudu take. In ka tsaya a Black Market ka fuskanci kudu, unguwar Filato ce a gabanka, inda manyan benaye da ofisoshi suke, ta miƙe cikin ruwa kamar harshe. Ruwan da ya kewaye ta shi ne tafkin Ebiriye, dogon tafki mai tsawon kimanin kilomita 130 da ya kwanta a gefen teku, siririn tudun yashi ne kawai ya raba su. Hayin ruwan, daga kudu, akwai tsibirin da Treichville take a kai.

Tafkin nan ya miƙo hannu biyu ya rungume Filato. Na yamma shi ake kira lungun Banko, na gabas kuma lungun Kokodi. Kowane hannu yana da rafin da ke zuba masa ruwa daga arewa. Na yamma sunansa Banko, na gabas sunansa Guru. Ruwan da ya sauka a tudun Ajame, ko dai ya gangara yamma ko ya gangara gabas. Dukansu gajerun rafuka ne, mai ƙarfin ƙafa zai bi kowanne daga mafarinsa zuwa bakinsa a yini guda. Ba su kama ƙafar manyan kogunan da ke cika tafkin ba, irin su Komowe, wanda ya taso tun daga wajen Banfora a Burkina Faso, da Me, da Agnebi. Makiyayan da suka bi ta Banfora suka gangaro arewacin Kodibuwa sun shayar da shanu a Komowe, ko da ba su san inda ruwan yake ƙarewa ba.

Sai kuma ruwan sama. Abijan damina biyu take yi a shekara. Babbar tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, watan Yuni ne ƙarfinta, ƙaramar kuma Oktoba da Nuwamba. Abin da ke sauka a can a shekara ya ninka na Maraɗi sau uku ko fiye. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Masu wurin na asali

Kafin Turawa su zo, duk wannan tudu kurmi ne mai duhu. Mutanen da ke zaune a bakin ruwan suna kiran kansu Caman, maƙwabta kuma suka laƙaba musu Ebiriye, sunan da tafkin ya ɗauka. Masunta ne da manoman rogo, matansu na cikin waɗanda suka ƙware a yin aceke, garin rogon nan da ake turarawa. Ajame, Anumabo, Lokojoro, Kokodi, duk sunayen ƙauyukansu ne kafin su zama sunayen unguwanni. Banko ma ba sunan Turawa ba ne. A harshen Caman Gbangbo ake ce wa rafin, bakin Bafaranshe ne ya kasa, ya mai da shi Banko. A al'adarsu ta da, ruwa ne mai iska, ana girmama shi, ba a yi masa shigar gaba gaɗi.

A cikin tafkin akwai kada, akwai ayu, akwai kifi iri-iri. Abin da babu shi ne irin shanunmu. Kurmi gidan ƙudan tsando ne, saniyar Bafulatani in ta daɗe a ciki sammore ne ƙarshenta. 'Yan shanun da ake samu a bakin tafki gajeru ne, dangin muturu, masu jure cizon tsando. Tun can asali ke nan naman Abijan daga arewa yake zuwa, kuma har gobe haka abin yake.

Yadda Banko ya tsira

Faransa ta kafa mulkinta a Kodibuwa a 1893, ta sa hedikwata a Grand-Bassam. A 1899 zazzaɓin shawara ya yi wa garin mummunar ɓarna, sai aka koma Bingerville a 1900. Abijan kuwa jirgin ƙasa ne ya tashe ta. A 1904 aka fara shimfiɗa layin dogo daga bakin tafki, aka sa masa suna Abijan-Nijar. Ya kai Buwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954. Har yau bai ga Nijar ɗin ba. A 1934 aka mai da Abijan hedikwata. Turawa suka riƙe Filato, aka tura baƙar fata gefe biyu, wasu arewa zuwa Ajame, bayan barikokin soja, wasu kudu zuwa tsibiri. A shekarar ne aka sa wa unguwar tsibirin suna Treichville, don tunawa da wani Bafaranshe, Marcel Treich-Laplène. Kun ga, unguwanni biyun da Hausawa suka fi cika a yau, tun farko zangon baƙi da leburori ne.

Gari yana girma, gatari yana cin kurmi. Ana yankan katako ana turawa Turai, ana saran itacen girki, jiragen ƙasan lokacin ma da itace suke aiki. Sai ma'aikatan gandun daji na Faransa suka shata kurmin da ke kewaye da rafin Banko a 1926, suka hana sara. A 1929 aka ƙara ƙarfafa dokar. Wajen ƙarshen shekarun 1930 aka buɗe makarantar koyon aikin gandun daji a cikinsa, akwai kuma lambun da aka tara itatuwa iri-iri. A 1953 aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa. Faɗinsa ya ɗan haura hekta 3,400, kuma a ciki akwai kimanin hekta 600 na tsohon kurmi wanda ba a taɓa sharewa ba. Yau hukumar OIPR ce ke kula da shi, wadda aka kafa a 2002.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye. Ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan dajin Kodibuwa na wancan zamani, André Aubréville, yana cikin tawagar haɗin gwiwa ta Faransa da Ingila da ta zagaya iyakar Nijar da Najeriya a 1936 zuwa 1937, don ta duba ko gaskiya ne hamada tana gangarowa kudu. Shi ne kuma a 1949 ya yaɗa kalmar da Turawa ke amfani da ita a kan abin da muke kira kwararowar hamada. Mutumin da ya san kurmin Abijan ya san ƙasarmu, kuma abin da ya dage a kai shi ne, gatari da wutar daji da hannun ɗan Adam suna da babban rabo a lalacewar ƙasa.

Abin da ke cikin kurmin

Wanda ya shiga Banko daga hayaniyar Ajame, abin da zai fara ji shi ne sanyi. Itatuwa ne dogaye, wasu sun haura mita 40, rana ba ta isa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Akwai rimi, akwai maɗacin kurmi, ɗan'uwan namu maɗacin amma ya fi shi tsawo da miƙewa, akwai wasu manyan itatuwan katako da ba mu da su a arewa. Rafin yana tasowa daga arewacin kurmin, wajen Abobo, yana gangarowa kudu, ƙananan ƙoramu da idanun ruwa suna zuba masa daga kwaruruka ta dama da hagu. Ko da rani ba ya ƙafewa, don ganyen da ya ruɓe a ƙasa da saiwoyin itatuwa suna riƙe ruwan damina, suna sakinsa sannu a hankali.

Namun daji kuwa, ba irin na Yankari ko gandun W ba ne, kada mutum ya je neman giwa ko zaki. Na kurmi ne, ƙanana masu ɓuya. Akwai birai, har da mai farin hanci. Akwai wani ɗan ƙaramin garke na shimfanzi, babban birin nan mai kama da mutum, wanda ya rage a tsakiyar birni mai miliyoyin jama'a. Akwai gada, akwai mazo, akwai tunkun juda da inyawara, akwai ɗan kunya mai ɓawo a jiki. A sama ga dangin cilakowa, ga malam-buɗe-littafi kala-kala. A bakin ruwa ga guza, a cikin ruwan kuma ga tarwaɗa manya-manya, sun yi ƙiba don an hana kama su.

Amfanin kurmin bai tsaya ga birai ba. Ruwan famfon Abijan, kaso mai yawa daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, kuma kurmin Banko na cikin wuraren da ruwan sama ke samun nutsewa ya cika wannan taska. Mai shayi a Ajame da ya tari ruwa a famfo, yana iya yiwuwa daga nan rabonsa ya fito. A farkon ƙarni na 20 ana ƙiyasta kurmin Kodibuwa da hekta miliyan 16. Ƙidayar 2021 ta samu bai cika miliyan 3 ba, koko da kofi da katako sun cinye saura. Wannan ya sa ɗan abin da ya rage a Banko yake da daraja.

A ƙasan rafin, inda ya fito daga kurmi zai shiga tafki, kusa da babbar hanyar Yopugon, nan ne wurin 'yan wanki da ake kira faniko. Kalmar Julanci ce, fani tufa, ko wanki. Shekaru da dama maza ɗaruruwa, akasari baƙi daga Mali da Burkina da Gini da Nijar, suna tsayawa cikin ruwa tun asuba, suna bugun kaya a kan duwatsu da tsofaffin tayoyi, su shanya a kan ciyawa, da yamma su ɗaure su mayar wa masu su gida-gida. Gidaje nawa ne a ƙasarmu aka rufa da kwano da kuɗin wankin Banko? Allah kaɗai ya sani.

Yadda Guru ya zama kwata

Yanzu mu juya gabas. Abin da ya sauya Abijan gaba ɗaya shi ne mashigin Vridi. Turawa suka haƙa tudun yashin da ya raba tafki da teku, tsawon kusan kilomita 3, aka fasa shi a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951. Manyan jirage suka samu shiga har gindin Treichville. Arziki ya shigo, amma ruwa ya sauya hali. Gishirin teku ya kutso cikin tafki, kogin Komowe kuma ya karkato da ƙarfinsa ta sabuwar ƙofa, har tsohon bakinsa na Grand-Bassam ya riƙa toshewa da yashi. Daga baya, a shekarun 1980, kainuwa ta mamaye fuskar tafkin tana hana kwale-kwale wucewa.

Ta wannan mashigi ne kifin tuna yake shigowa, Abijan ta zama ɗaya daga cikin manyan tashoshinsa a Afirka. Aka haɗa soyayyen tuna da aceken mutanen tafki, aka samu garba. Sanannen zance ne a Abijan cewa sunan ya fito daga 'yan Nijar masu sayar da shi, don Garba ya yi yawa a cikinsu. Ashe ko abincin da ya ɗauki sunanmu, ruwan nan ne ya haife shi.

A 1950 mutanen Abijan ba su kai 100,000 ba. A ƙidayar 2021 sun haura miliyan 5. Duk wannan jama'a sai da ta samu wurin kwana, kuma kwarin Guru ba shi da dokar da ta kare shi irin ta Banko. Aka sare itatuwan, aka yi gini a kan tudu, aka gangara aka yi a cikin kwari. Ƙoramun da ke zuba masa daga Abobo da Ajame da Kokodi suka koma lambatu. Shi kansa rafin aka yi masa bango da siminti, ya zama babbar kwata mai ɗauke da ruwan wanka, da baƙin mai na gareji, da leda, da robar ruwa. Inda da ake ganin kifi, yanzu sai ɓera da sauro, sai belbela da shirwa a kan juji.

To, ku tuno yawan ruwan saman da muka faɗa. A kurmi, ƙasa ce ke shanye mafi yawansa. A kan kwano da kwalta da siminti kuwa babu inda zai nutse, gaba ɗaya yake tahowa a lokaci guda, da yashi da shara. Duk ya taru a wuri guda, mahaɗar Indeniye, inda Ajame da Filato da Kokodi suka haɗu. Duk wanda ya yi damina a Abijan ya san Indeniye: motoci a nutse, fasinjoji a kan rufi, hanya a yanke. Yashin da ya wuce kuma ya je ya cike lungun Kokodi, har ciyawa ta tsiro inda da jirgin ruwa yake bi. Gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa, da taimakon Bankin Raya Afirka da ƙasar Maroko, wajen gina madatsu masu rage ƙarfin ruwa, da faɗaɗa magudanai, da yashe lungun, da sake gina mahaɗar. An samu sauƙi. Amma ku duba, aikin da kurmi yake yi kyauta a yamma, shi ake saye da biliyoyin sefa a gabas.

Kuma ba dukiya kaɗai ake asara ba. A daren 18 zuwa 19 ga Yunin 2018, ruwa ya ci kusan mutum 20 a Abijan. A unguwannin gangare na Atekube, kusan kowace damina sai an ji ƙasa ta zafto a kan gidaje cikin dare. Wa ke kwana a irin waɗannan wurare? Baƙo ne mai neman ɗaki mai araha.

Banko ma bai kuɓuta ba

Kada a ɗauka Banko yana zaune lafiya. Unguwanni huɗu sun sa shi a tsakiya: Abobo, Ajame, Atekube da Yopugon. Ruwan kwatar Abobo yana gangarowa cikinsa da yashi da leda. Masu saran itace da masu ɗana tarko suna shiga a ɓoye, masu gini suna ɗan matsawa taku-taku. Sai da hukuma ta kewaye wani sashe nasa da doguwar katanga a 'yan shekarun nan. A bakinsa kuma an gina gada ta huɗu, wadda ta haɗa Yopugon da Ajame ta kan lungun Banko, aka buɗe ta a farkon 2024. A shekarar ne aka rushe Boribana, tsohuwar unguwar baƙi da ke bakin wannan ruwa. Sunan da Julanci yana nufin gudu ya ƙare, amma ga mutanenta gudun bai ƙare ba. Hukuma ta ce wuraren na da haɗari, mazauna suka ce ba a ba su inda za su koma ba. A 2024 ɗin dai, gab da Babbar Sallah, aka tashi masu dabbobi daga karar Port-Bouët aka nuna musu wani fili a Ajame, har aka yi hargitsi. Birni in ya matse, baƙo da dabbarsa da rafi su ake fara turewa.

Mu dawo gida

Wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Kano ma tana da nata. Jakara a da kurmi ne mai ruwa, wanda mutanen Dala suke girmamawa kamar yadda Caman suke girmama Gbangbo. A ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, aka kafa kasuwa a wurin, shi ya sa har yau ake ce mata Kasuwar Kurmi, ko da yake babu kurmin. Jakara kuwa kowa ya san abin da ta zama, kwatar birni, har aka zo aka rufe wani sashenta da siminti aka yi titi a kai. Mutanen Yamai su dubi Gunti Yena, mutanen Maraɗi su dubi gulbinsu da yadda gini yake matsowa bakinsa. Makiyayi ya fi kowa sanin wannan, don shi ne yake dawowa daga mashekari ya tarar an nome burtali, an kewaye mashaya.

Saboda haka, 'yan'uwa da ke Black Market da Treichville, da masu shirin tafiya, ga 'yar shawara. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ko na shago, ka tambayi tsofaffin unguwa ina ruwa yake bi a watan Yuni, ka dubi bango ko akwai alamar inda ya taɓa kaiwa. Ɗakin gindin gangare ko na bakin kwata, arharsa tsada ce. Kayan wuta da wayoyi a ɗaga su sama tun Mayu. Kwali da leda da ake zubarwa a lambatu da yamma, su ne suke dawo da ruwa cikin shago da asuba. Mai kawo dabbobi da damina ya bincika inda za a sauke su tun kafin mota ta tashi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda kuma Allah ya ba shi hutun yini guda a Abijan, ya daure ya biya kuɗin shiga ya je ya ga Banko da idonsa, ya tsaya a bakin rafin ya kalli tarwaɗan nan. Daga Black Market ba nisa. In ya dawo gida sai ya ba mu labari, mu sa a shiri.

A nan za mu dakata. Masu saurare da suka taɓa yin wanki a Banko, ko ruwan Indeniye ya taɓa tare su, muna jiran saƙonku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye matafiya, ya ƙara wa dabbobi lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.